Wa ke sa ranar hutun harajin sayayya a jihohin Amurka, kuma ya kamata a jira shi?

"Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a jihar Massachusetts ta Amurka, shekara ta uku ke nan. Kowane watan Agusta akwai kwana biyu da ba a karɓar haraji a kanti, amma na lura ranar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Yayana da ke Texas ya ce nasu kwana uku ne, kuma bai shafi kwamfuta ba. Wai wa ke sa ranar nan? Ina so in sayi firiji da kwamfutar makaranta da kayan sawa na yara uku, in jira ko in saya yanzu? Sannan maigida yana da ɗan kantin kayan waya, me ya kamata ya yi a ranakun?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki uku ce a dunƙule: wanda ke da ikon sa ranar, ribar da ke cikin jira, da nauyin da ke kan mai kanti. Amsar dukansu tana cikin yadda aka rubuta dokar jiharku, domin wannan hutu ba na ƙasa baki ɗaya ba ne, kuma ba alherin masu kanti ba ne. Doka ce ta majalisar jiha.

Wanda ya taso a Najeriya ya saba da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, iri ɗaya daga Sakkwato har Kalaba, tunda dokar tarayya ce ta ƙayyade shi. Amurka ba ta da irin wannan. Gwamnatin tarayya ba ta karɓar harajin sayayya, kowace jiha ce ke yanka nata, ana kuma ɗora shi a kan farashi lokacin biyan kuɗi, shi ya sa abin da ke jikin kaya yakan bambanta da abin da ke kan rasit. Jihohi 45 suna karɓa. Biyar ba su da shi a matakin jiha: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon. Naku a Massachusetts kashi 6.25 ne. Na yayanki a Texas shi ma 6.25 ne, sai dai birane da gundumomi suna iya ƙara nasu har kashi 2, ya kai 8.25. Wanda ya ɗora haraji shi ke da ikon ɗage shi, don haka kowace jiha da ranarta, da kayan da ta zaɓa, da iyakar farashin da ta sa. Wasu jihohin ma ba su yin hutun ko kaɗan.

Salon da ake bi yanzu ya samo asali ne daga New York a watan Janairun 1997. Mutanenta suna tsallakawa New Jersey sayen tufafi saboda can ba a ɗora wa tufafi haraji, sai majalisar New York ta ɗage nata na mako guda don ta riƙe masu saye a gida. Florida ta bi sahu a 1998, Texas a 1999, Massachusetts a 2004. Ku ma kuna da irin wannan matsi, domin New Hampshire da ba ta karɓar komai tana maƙwabtaka da ku ta arewa.

Yadda majalisa ke rubuta ranar

Wasu majalisun suna sa ƙa'idar lissafi a cikin dokar, su bar kalanda ta yi sauran aikin. Tennessee ta ce Juma'ar ƙarshe ta Yuli zuwa Lahadi. Iowa ta ce Juma'a da Asabar na farko a Agusta. Connecticut tana farawa Lahadi ta uku a Agusta ta yi mako guda, Maryland kuma Lahadi ta biyu. A irin waɗannan jihohi ba sai an zauna kowace shekara ba, mai kalanda a hannu zai iya gano ranar tun watan Janairu.

Ƙa'idar da Texas ta yi aiki da ita har zuwa 2025 ta fi waɗannan murɗewa, domin an ɗaure ta ne da ranar komawa makaranta. Ana ɗaukar Litinin ta huɗu a Agusta, a koma baya kwana 15, sannan a nemi Juma'ar da ta gabaci wannan rana. A 2025 Litinin ta huɗu ta faɗo 25 ga wata, kwana 15 baya ya kai 10 ga wata, Juma'ar da ke gabanta kuwa 8 ga wata ce, sai hutun ya kasance 8 zuwa 10 ga Agusta. A 2024 lissafin ya ba da 9 zuwa 11. Lambar ranar tana motsi, amma ba wani ne yake zaɓa ba.

Akwai kuma inda ba a yin dokar dindindin. Majalisa ce za ta duba aljihun gwamnati kowace shekara, in ta ga da hali ta amince, in babu ta yi shiru. Haka Massachusetts ta kasance tsawon shekaru 14. An tsallake 2009, an kuma tsallake 2016 da 2017, duk saboda ƙarancin kuɗin shiga. Ko a shekarun da aka yi, sau da yawa sai Agusta ya matso ko ya shigo kafin gwamna ya sa hannu. Masu sayar da kujeru da katifu da kayan lantarki sun sha wahalar wannan tsari ƙwarai. Tun tsakiyar Yuli masu saye za su ɗauke ƙafa suna jiran hutun da babu wanda ya san ko zai zo. In ya zo, ba a samu lokacin ƙara ma'aikata da cika rumbun kaya ba. In bai zo ba, an yi asarar cinikin makonni a banza.

A 2018 aka gyara. Ƙungiyar 'yan kasuwar jihar ta shirya kai wa masu zaɓe tambaya a kan a rage harajin daga 6.25 zuwa 5, ƙungiyoyin ma'aikata kuma suna neman ƙarin mafi ƙarancin albashi da hutun jinya mai albashi. Aka zauna aka yi sulhu, Gwamna Charlie Baker ya sa hannu a watan Yuni na shekarar. Ma'aikata suka samu albashin da zai hau a hankali zuwa dala 15 a awa, 'yan kasuwa suka janye tambayarsu, aka ba su hutun haraji na dindindin. Abin da dokar ta tanada shi ne kwana biyu a jere, Asabar da Lahadi, a cikin Agusta, kowace shekara. Majalisun jihar biyu, ta wakilai da ta dattawa, su ne za su zaɓi ƙarshen makon ta hanyar ƙuduri na haɗin gwiwa, zuwa 15 ga Yuni. In suka wuce wannan wa'adi ba su yi ba, ikon ya koma hannun kwamishinan harajin jihar, shi kuma yana da zuwa 1 ga Yuli.

To, ga amsar tambayarki ta farko: hutun wajibi ne, watan sananne ne, ranar kaɗai aka bar wa majalisa. A 2019 an yi 17 da 18 ga Agusta. A 2020, shekarar annobar korona, aka kai shi 29 da 30. Daga nan ya zauna a kusan wuri ɗaya: 14 da 15 a 2021, 13 da 14 a 2022, 12 da 13 a 2023, 10 da 11 a 2024, 9 da 10 a 2025. Za ki ga ƙarshen mako na biyu suka fi so, amma al'ada ce kawai, doka ba ta ɗaure su a kansa ba. Kada ki yi alkawari da kanti ko ki ɗauki hutun aiki sai kin ga sanarwar hukumar harajin jihar, wadda ba ta wuce farkon Yuli.

A ganina tsarin 2018 ya fi na da nesa ba kusa ba, musamman tanadin da ya ce in majalisa ta yi sakaci kwamishina ya ɗauka. Dokar da ba ta da irin wannan madogara tana iya faɗuwa ba da niyya ba. Virginia ta ga haka: dokar hutunta tana ɗauke da ranar ƙarewa, 1 ga Yulin 2023, majalisa kuma ta shagala da taƙaddamar kasafin kuɗi ba ta sabunta ba. Agusta ya zo ya wuce babu hutu. Da aka daidaita aka dawo da shi, sai 20 zuwa 22 ga Oktoba aka yi, bayan iyaye sun gama sayen kayan makaranta da cikakken haraji. Kuma "dindindin" a bakin majalisa yana nufin har sai wata majalisa ta sake shawara. North Carolina ta soke nata a 2013. New Jersey ta fara a 2022, ta yi sau biyu, ta soke a 2024. Florida kuwa ta bi ɗaya hanyar, bayan shekaru tana amincewa shekara-shekara, a 2025 ta mayar da shi watan Agusta gaba ɗaya.

Firiji, kwamfuta da kayan yara

Dokar jiharku tana cikin masu faɗi. Kusan duk wani kaya da mutum zai saya don amfanin kansa ya shiga, muddin farashin abu ɗaya bai haura dala 2,500 ba. Waɗanda aka cire su ne abincin gidan cin abinci, motoci, jiragen ruwa masu inji, kuɗin layin waya da sauran hidimar sadarwa, iskar gas, wutar lantarki, taba, tabar wiwi da barasa.

Mu yi lissafi da misali. Firiji na dala 1,800 harajinsa dala 112.50 ne. Kwamfuta ta dala 900 harajinta 56.25. In kika saye su a ranakun hutu, dala 168.75 ta rage a jakarki. Mafi yawan abin da za a iya tsira da shi a kan abu ɗaya shi ne dala 156.25, wato harajin 2,500 cif. Iyakar ta abu ɗaya-ɗaya ce, ba ta jimillar rasit ba, saboda haka ko kayanki sun haɗu sun kai dala 4,000 babu laifi, in dai kowanne a kansa bai wuce iyaka ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne abin da ya ɗan haura. Firiji na dala 2,600 ba a kan ɗarin da ta hau kaɗai za ki biya ba, a kan duka ne, dala 162.50. A nan ciniki yana da amfani sosai. In kantin da kansa ya yi miki ragi a lokacin saye har farashin ya sauko 2,500, ya shiga. Kuɗin da kamfani ke mayar wa mai saye daga baya, bayan ya aika rasit, ba ya sauke farashi a idon doka. Haka nan kayan da aka saba sayarwa a matsayin saiti ɗaya, kamar kujerun falo masu farashi guda, ba a yarda a rarraba su a kan takarda don kowane yanki ya faɗo ƙasa da iyaka ba.

Kayan sawa na yara kuwa, kada ki jira komai. A Massachusetts tufafi da takalma na yau da kullum ba su da haraji duk shekara har zuwa dala 175 a kan kowane ɗaya, abin da ya haura nan kaɗai ake ɗora wa. Rigar makaranta ta dala 20 babu haraji a kanta a Maris, babu a Agusta. Shiga cunkoson ranar hutu domin ta wahala ce kawai, ga shi girman da kike nema yana iya ƙarewa. Kayan abinci na cefane su ma haka suke. Jakar makaranta da littattafan rubutu da alƙaluma su ne ke da haraji, amma ko kin kashe dala 150 a kansu abin da za ki tsira da shi bai kai dala 10 ba.

Yayanki yana da gaskiya game da Texas, kuma shi jira yana yi masa rana a kan tufafi, domin can ana ɗora musu haraji a sauran kwanaki. Hutunsu ya tsaya a kan tufafi, takalma, jakunkuna da kayan makaranta da farashinsu yake ƙasa da dala 100. Kalmar "ƙasa da" tana da nauyi: takalmin 99.99 ya tsira, na 100 cif bai tsira ba. Kuɗin kawo kaya gida ma ana haɗa shi cikin farashi a can, wandon dala 95 da aka caji 10 na aikowa ya zama 105, ya fita. Kwamfuta ba ta ciki. In da a Tennessee ko Florida yake, da kwamfutar da ba ta wuce dala 1,500 ba ta shiga.

Lokacin biya shi ne ma'auni, ba lokacin da kaya suka iso ba. In kika yi oda ta intanet kika biya duka a cikin kwana biyun, bisa agogon gabashin Amurka, babu haraji ko da firijin sai bayan mako uku za a kawo. Amma kada ki ba da kafin alƙalami ranar Alhamis da nufin cikawa ranar Asabar. Duk cinikin da aka ƙulla ko aka fara biya kafin hutun ba ya shiga, kuma dokar ta hana a soke tsohon ciniki a sake rubuta shi da sabuwar rana. Tsarin ajiye kaya a kanti ana biya kaɗan-kaɗan shi ma ba ya shiga a jiharku. Abin da za ki iya yi kafin ranar shi ne ki je ki duba, ki auna wurin da firijin zai zauna da faɗin ƙofar da zai bi, ki rubuta lambar samfurin, ki tambaya ko suna da shi a ajiye.

Ki kuma rubuta farashin. Wannan ita ce shawarar da na fi ba muhimmanci. Kashi 6.25 ba ragi ne mai yawa ba in aka gwada shi da abin da kantuna ke yi da kansu a farkon Yuli, ko farkon Satumba, ko ƙarshen Nuwamba. Firijin da aka sauke daga 1,800 zuwa 1,500 a wani makon, ko da harajinsa na 93.75, ya tsaya miki a 1,593.75, ya fi 1,800 marar haraji sauƙi da fiye da dala 200. Banza ba ta kai zomo kasuwa, mai kanti ya san ranar hutu masu saye za su zo da kansu, ba lallai ya ƙara musu da nasa ragin ba. Saboda haka ki fara bibiyar farashin tun Yuli. In ragin kanti ya haɗu da hutun, madalla. In firijinki na yanzu ya riga ya lalace kuwa, abincin da zai ruɓe a makonnin jira zai cinye ribar. Sannan duk wanda ya ɗauki kayan a katin bashi ya bar bashin ya yi watanni, kuɗin ruwan da zai hau kansa zai share abin da ya tsira da shi, ban da nauyin da ke cikin ruwan kansa.

Masana haraji na ɓangarori biyu da ba su cika haɗuwa a ra'ayi ba sun haɗu a kan sukar wannan hutu. Cibiyar Tax Foundation tana ganin yawancin cinikin ranar ba sabo ba ne, wanda za a yi ne a wani mako aka matso da shi. Wata cibiyar binciken haraji mai suna ITEP tana ganin mai hali ne ya fi mora, tunda shi ke iya ajiye kuɗi ya jira rana, talaka kuwa ranar da albashi ya shigo yake saye. Ina ganin dukansu sun yi gaskiya, kuma cire haraji a kan kayan bukata duk shekara, kamar yadda jiharku ta yi wa tufafi, ya fi taimakon iyali fiye da kwana biyu. Wannan magana ce ta tsarin gwamnati. Ke da kike da kaya biyu masu tsada da dama za ki saya, dala 168 kuɗi ne na gaske, ki karɓa.

Kantin maigida

Shiga hutun ba zaɓi ba ne. Duk kantin da ya saba karɓar haraji, in ya buɗe a ranakun, dole ya daina karɓa a kan kayan da suka cancanta. Waya, caja, murfin waya, abin sauraro na kunne, duk kaya ne, sun shiga. Kuɗin layi da hidimar sadarwa ba su shiga ba, a kansu zai ci gaba da karɓa. Kuskuren da ya fi yawa a ƙananan kantuna shi ne a kashe haraji gaba ɗaya a na'urar karɓar kuɗi, har da abubuwan da doka ta cire. Harajin da bai karɓa ba a kansu, daga aljihunsa zai biya.

Ya raba kayansa rukuni-rukuni a na'urar tun mako guda kafin ranar, ya gwada cinikin gwaji a kowane rukuni, ya duba rasit ɗin da ya fito. In yana sayarwa ta intanet, ya duba can ma daban, domin sau da yawa saitin shafin da na kanti ba ɗaya ba ne. Kuskure na biyu yana zuwa ne ranar Litinin da safe, a manta a mayar da harajin. Ya sa wa kansa tunatarwa a daren Lahadi bayan rufe kanti.

In aka yi kuskure aka caji wani haraji, kuɗin ba na kanti ba ne. A mayar wa mai shi in ya kawo rasit, wanda ba a mayar ba kuma a miƙa wa hukuma. Wanda ya saya ranar hutu ya dawo bayan kwanaki ya canza da irinsa, wani launi ko wani girma, babu haraji a kansa. Wanda ya dawo da kaya yana son kuɗinsa, a duba ranar da ke kan rasit kafin a mayar, kada a ba shi harajin da bai biya ba. A takardar harajin da yake cikewa kuma, cinikin kwana biyun yana shiga jimillar ciniki, sannan a nuna shi a sashen da ba a ɗora wa haraji ba. Ba a ɓoye shi. Ya adana rahoton na'urar na waɗannan ranaku daban, domin shi ne hujjarsa in an zo bincike.

Sai wani abu da ya shafe ku ku biyu. Hutun na sayayyar mutum ce don kansa da gidansa. In maigida ya sayi firinta ko kwamfuta domin kanti, ko ya biya da katin kasuwancinsa, harajin yana nan. Ki sayi kwamfutar yaran da katin gida. Hajar da yake sarowa don sayarwa kuwa dama ba ta da haraji a kansa in yana amfani da takardar shaidar sari, wadda a jiharku ake kira ST-4, don haka ba shi da dalilin jiran Agusta kafin ya cika kanti.

Duk alƙaluman nan na yadda dokokin suka kasance ne zuwa 2025, majalisu kuma suna taɓa su kusan kowane zama. Hukumar harajin Massachusetts tana fitar da ranar da jerin tambayoyi da amsoshi a shafinta kowace bazara, na Texas kuma ofishin kwanturolan jihar ne ke fitarwa. Ku duba can kafin ku biya. In kantin maigida yana haɗa waya da kwantiragin layi a farashi ɗaya, ya nuna wa akawunsa yadda yake rubuta rasit ɗin tun cikin Yuli, domin irin wannan ciniki yana da ƙa'idarsa ta daban.